Hular da Ta Sauka a Kafancan

Ranar Alhamis ce. Ruwa ya kwana yana zuba, bai ɗauke ba sai da asuba. Na hura wuta da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya cika mini ido. Jiniyar ma'aikatan kwal ta yi kuka daga kan tudu, kamar kullum. Bayanta ƙararrawar coci. Da waɗannan biyun muke sanin lokaci a Ogui, unguwarmu a Inugu, domin ladaninmu ya tsufa, muryarsa ba ta ƙetare layinmu.

Ni mai tuwo ce. A Inugu ba wanda ya damu da sunana na yanka, Mai Tuwo kawai ake ce mini. Maigidana mahauci ne, mutane suna kiransa Na-Gusau. Mu biyu muka sauka a tashar Inugu tun Bature na mulki, da akwatin ƙarfe ɗaya da tabarma. A can na haifi Ladi. Shekararta bakwai a lokacin, kuma yaren Ibo ya fi Hausa gudu a bakinta.

Da safen nan maigidana a tsaye ya sha koko. Ya ɗauki wuƙaƙensa, ya kafa hula. Hular nan ni na ɗinka ta, fara ce da koren zare. Ina gab da gamawa zaren ya ƙare, na nema duk kasuwa ban sami irinsa ba, na ƙarasa da wani kore mai haske. Sai ya bar tabo kamar faɗin babban yatsa, daidai saman kunnen hagu. Kullum sai ya tsokane ni da shi, amma bai yarda ya sa wata ba.

Ya ce in an tashi da wuri zai kawo mini ƙashin miya. Na ce ya kawo mai ɓargo, ba irin na jiya da ko kare zai raina ba. Ya yi dariya, ya fita. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, ƙashin miya.

Garin ya kwana biyu ba daɗi. Jiragen ƙasa suna ta sauko da mutanen Ibo daga Arewa, inda rikici ya ɓarke, wasu da raunuka, wasu ba 'ya'yansu. Maƙwabta sun rage amsa gaisuwa. Mama Uche, mai sayar da manja a gefen rumfata, ƙanenta yana Kano, ba ta ji ɗuriyarsa ba. Duk da haka da safen nan ta gaishe ni. Idonta dai ya kumbura.

Dole in tsaya nan in gaya muku ko wane ne Malam Tanimu, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba.

Mai wankin hula ne. Ɗakinsa na kwano yana can bakin rafi, bayan gonakin rogo, kusa da 'yar hanyar da mahauta suke yankewa zuwa mayanka. Ya wanke hula, ya sa mata sitaci, ya kifa ta a kan kututturen itace ta bushe a rana. Duk Bahaushen Inugu ya san hannunsa. Kullum cikin fararen kaya, kullum da ƙamshin turare. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. In an yi rasuwa shi ne farkon zuwa. In ya zauna da Katsinawa sai ya zama Bakatsine, in da Kanawa ne ya lissafo musu unguwanni. Ba mata, ba ɗan'uwa, ba wanda ya taɓa zuwa daga gida nemansa.

Wata rana tayar babbar mota ta fashe a gaban rumfata. Kowa ya zabura, ni har ludayi na yar. Malam Tanimu ko ƙiftawa bai yi ba. Ya ci gaba da cin tuwonsa yana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Maigidana ma ya taɓa ce mini mutumin nan yana zuwa mayanka, ba ya sayen ko tsoka. Tsayawa yake inda aka kayar da sa, ya zuba wa ƙwayar idonsa ido har ta daina motsi. Maigidana ya ce, "Mu da muke yankan ma kawar da kai muke yi." Muka yi dariya, muka ce Malam akwai tausayi.

Masu cin tuwona yawancinsu baƙi ne, masu rako shanu da fatake. Su yi kwana biyu ko uku a zauren mai masauki, su koma. A wurinmu baƙo ba ya tafiya bai yi sallama ba. In sammako ya kama shi, sai ya bar sallahu. To Malam Tanimu shi ne mai kawo sallahun. Baƙo ya tafi da kwanon tuwona da yamma, washegari sai ga Malam da kwanon, an wanke shi tas.

"Ya sami mota da sassafe, uwargida. Ya ce a yi masa sallama, a yafe masa."

In ce Allah ya kiyaye hanya, in yi masa godiya. Shi kuwa sai ya tsaya yana kallona, kallon da ya wuce na mai jiran amsa. Haka ya kawo sallamar wani Bafillace mai hula haɓar kada, dogo, mai son man shanu da yawa a tuwo. Haka ya kawo ta wani tsoho ɗan goro daga Anaca, mai jar dara da wutar taba ta huda. Da sai a yi watanni bai kawo kwano ba. A shekarar nan kuwa abin ya riƙa zuwa kusa da kusa.

Sau ɗaya wasu suka zo daga Haɗeja suna neman ɗan'uwansu. Malam Tanimu ya fi su kuka, shi ya rako su har tasha. Wani ya ce a kai magana wurin 'yan sanda. Dattawa suka ce a'a, a garin mutane muke, maganar Hausawa a zauren Hausawa take ƙarewa. Ta kuwa ƙare a can.

Mu koma ranar Alhamis.

Da hantsi na ji ana rufe shaguna. Ƙofa bayan ƙofa, daga can saman titi har ta iso layinmu. Sai shiru. Ko kaji ba sa kuka. Daga nan wata hayaniya ta taso daga nesa, kamar kasuwa na ci, amma ba ranar kasuwa ba. Sai ƙarar fashewar gilashi.

Wani ya wuce da gudu, ba takalmi. "Ku fita! Ku nufi tasha! Ku fita!"

Mama Uche ta leƙo ta katanga. "Mai Tuwo, ɗauki yarinya ki tafi! Tafi!"

Na ce maigidana bai dawo ba. Ta ɗora hannu a ka, ta koma ciki.

Layinmu ya watse. Mata da goyo, maza da akwati a ka. Na ɗaure zannuwa biyu a ƙunshi. Na bar kwanukan aurena, na bar tukwane, tuwon rana yana kan wuta. Abin da hannuna ya ɗauka muciya ce, har yau ban san dalili ba. Na zauna a bakin ƙofa, Ladi a tsakanin ƙafafuna. Duk takun da na ji sai in miƙe. Ba shi ba ne.

Rana ta kusa tsaka sai na ji sallama. Cikakkiyar sallama, a natse, irin ta ranar Juma'a. Malam Tanimu ne. Fararen kayansa ko ɗigon jar laka babu, a garin da aka kwana ana ruwa.

"Na-Gusau yana wurina, uwargida. Hanyar mayanka ta toshe. Ya ce in zo da ku."

Wallahi kamar in rungume ƙafarsa. Muryar gida ce, a ranar da duk wata murya take tsorata ni. Na kama hannun Ladi, muka bi shi.

Ta bayan gidaje ya bi da mu. Muka ratsa gonakin rogo, ganye yana jiƙa mana zane. A bayanmu hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, daidai wajen masallaci. Ana ihu, ana buga ƙarfe. Na faɗi sau biyu. Shi kuwa tafiya yake a hankali, yana ɗage rigarsa kada ta taɓa ciyawa. Har wani ɗan amo yake yi a maƙogwaro. Duk Inugu ranar nan, Hausawa da Ibo, ban ga mai jin daɗi ba sai shi.

Muka gangara bakin rafi. Kututturan waje duk babu komai a kansu. Na ƙwala kira, ba da suna ba, na ce, "Maigida!" Ba amsa. Ruwa kawai yake gudu. Can bayan ɗakin akwai tulin ganyen kwakwa, ƙudaje sun yi masa baƙi.

Na juyo na dubi Malam Tanimu. Ya haɗa hannuwansa a ƙirji, ya ɗan karkatar da kai.

"Af, kin ga ya sami mota, uwargida. Ya ce a yi masa sallama, a yafe masa."

Kalma ɗaya bai canza ba. Har inda yake ɗan tsayawa ya ja numfashi, a nan ya tsaya. Kwano ne kawai babu a hannunsa.

Ya tura ƙofar ƙuryar ɗaki, wadda ban taɓa ganin ta a buɗe ba. "Ku shiga nan, ba mai ganinku."

Ban shiga ba, amma na gani. Haske yana shigowa ta hujojin kwano. Huluna ne a jere a kan katako, kowace a kan kututturenta, ba ƙura ko ɗaya. Ba na wanki ba ne, domin na wanki a waje suke kwana, masu su kuma suna zuwa karɓa. Ga haɓar kada. Ga jar dara da hudar taba. Wasu na san su, na manta masu su. Bahaushe ba ya kama hanyar gida kai ba hula. Duk waɗannan ba inda suka je.

Ta ƙarshen layi a jiƙe take. Ruwa yana ɗiga daga bakinta, ɗis, ɗis, a kan katako. Fara ce da koren zare. Tabon yana fuskantar ƙofa, kamar da gangan aka juyo shi.

Ban yi kuka ba. Na ɗago kai, ashe ni yake kallo, ba hular ba. Fuskarsa irin ta yaron da ya kawo wa uwarsa abin da ya ƙera da laka. Ban ga ƙiyayya a cikinta ba. Da ƙiyayya ce da na gane ta, tun safe nake jin ta a titi. Wannan jira yake ya ga lokacin da zan fahimta. Da ya ga na fahimta, sai ya lumshe ido kaɗan, kamar wanda ya kurɓi ruwan sanyi.

Ya sunkuya ya ɗauko buta, ya ajiye ta a gefen wani faffaɗan dutse a bakin ƙofa.

"Azahar ta yi, uwargida. Yi alwala, hankalinki ya kwanta."

Na dubi dutsen. An wanke shi, an wanke ƙasar da ke kewaye da shi, har da sabulu. Na dubi hannunsa na dama. Ya riga ya ɗauki kututture, wanda ya fi sauran girma, ya ɓoye shi a bayan riga. A nan na ga komai kamar ina wurin aka yi. Baƙo ya zo karɓar hula ko shan inuwa. Lokacin salla ya yi, an ba shi ruwa. Wane Musulmi ne zai ƙi? Ya tsuguna. Ya cire hularsa da kansa, ya ajiye a gefe kada ta jiƙe. Ya sunkuyar da kai, hannu biyu a jiƙe. Shi ya sa ba hular da ta ɓaci. Maigidana da yake kayar da sa shi kaɗai, haka aka same shi, yana bismilla.

Ban san inda maganar ta fito ba. Na ce, "Ba na salla, Malam."

Maganar da mace ba ta faɗa wa namiji ke nan, namiji kuma ba ya bin bahasinta. Ya tsaya cik. Ya dubi butar, ya dube ni, ya sake duban butar. Karo na farko ke nan da na ga fuskarsa ta ɓaci. Ba tsoro ba ne. Na ɓata masa tsari ne, abin ba ya yi masa daɗi sai ta hanyar da ya saba.

Sai ya yi murmushi. "To, yarinyar ta yi."

Ladi yarinya ce mai jin magana. Babba ya ce ta yi alwala. Ta saki zanena, ta cire ɗankwalinta, ta tsuguna.

Na ɗaga muciya da hannu biyu. Shekaru na yi ina tuƙa tuwon mutum hamsin, hannuna ba na wasa ba ne. Na sauke ta a wuyan hannunsa. Na ji ƙas! Kututturen ya faɗi ya gangara. Bai yi ihu ba. Na fizgi Ladi ta hannu ɗaya.

"Gudu! Ladi, gudu!"

Muka hau gangaren nan da hannu da ƙafa. Ƙunshin zannuwa ya tafi. Bai biyo mu ba. Muryarsa kawai na ji a bayana, a natse kamar yana ba ni shawara.

"Uwargida, can fa kashe ku za su yi."

Gaskiya ya faɗa, kuma na sani. Hayaniyar da nake gudu tun safe, ita na nufa.

Muka fito titi a ƙarshen layinmu, muka faɗa tsakiyarsu. Samari ne da adduna da sanduna, idanu jajur. "Awusa! Awusa!" Wani ya cafke mayafina. Na ga adda ta tashi sama. Na rufe Ladi da jikina, na yi kalmar shahada. Sai Ladi ta ƙwala ihu da yaren Ibo, tana kiran Mama Uche, tana kiranta uwa. Hannun ya tsaya a sama.

Mama Uche ta fito kamar an jefo ta, ba ɗankwali. Ta ture mai addar da ƙirji. Ta zazzaga musu masifa, ban ji ko kalma ɗaya ba sai sunan Allah a yarensu. Ta ɗauki Ladi, ƙatuwar yarinya, ta goya ta da zanenta. Ta kama wuyan hannuna.

"Kada ki buɗe baki! Tafi!"

Muka wuce rumfata. Ta ƙone, tukunyar tuwo tana nan a kan murhu. Ban tsaya ba.

La'asar ta yi muka isa tasha. Sojoji sun tsare ƙofa. Mama Uche ta sauke Ladi. Ta ce in na isa Kano in tambaya mata ƙanenta, gajere ne, yana gyaran keke. Ban iya ce mata ba Kano za ni ba. Na ce to. Ta juya ta tafi tana share fuska da bayan hannu.

Cikin tasha ba masaka tsinke. Kowa yana kiran sunan wani. Ni ban kira ba. Duk da abin da na gani, duk namijin da ba hula a kansa sai na leƙa fuskarsa.

Sai na hango hular. Tana tafe a saman kawunan mutane, tabon yana sama da kunnen hagu. Na zaci maigidana ne, har na ɗaga hannu. Mai ita ya juyo. Malam Tanimu ne. Ya ɗaure wuyan hannunsa da farin ƙyalle, buhu a kafaɗa, yana taimaka wa wata tsohuwa ta hau tarago. Tana ta sa masa albarka.

Na kutsa wurin Baba Wakili, dattijon da yake tsaya wa Hausawan unguwarmu. Na durƙusa.

"Baba, hular can da ke kan Malam Tanimu ta maigidana ce."

"Wanki aka ba shi, 'yata."

"Da ita ya fita yau da safe. Baba, kashe shi ya yi. Duk baƙin nan shi ya kashe su. Ku buɗe buhun nan ku gani."

Ya waiga hagu da dama, ya sunkuyo. "Rufe bakinki! Ga masu kashe mu can a waje. Yau ne za ki sa mu kama junanmu a gaban soja? Hau jirgi!"

Na hau. Tarago ɗaya da Malam Tanimu.

Ban runtsa ba har ƙarshen tafiyar. Na sa Ladi a lungu, na tare ta da jikina, muciya a cinyata. Malam Tanimu ne mai raba ruwa. Da butar nan yake zagayawa, ya ba mai ciki, ya ba mai rauni. Da ya zo kanmu sai ya miƙo, ya ce, "Yarinya ba ta jin ƙishi?" Ladi ta cusa kai a bayana. Matar da ke kusa da ni ta ce in ji tsoron Allah, bawan Allah yana taimako ina harararsa. Da muka ƙetare gadar Makurɗi mutane suka fashe da kuka, suna hamdala, wai mun tsira.

A taragon akwai wani saurayi ɗan Sakkwato. Shi kaɗai ya fito daga gidansu a Fatakwal, bai san inda zai nufa ba. Ba ya ci, ba ya magana. Malam Tanimu ya koma kusa da shi ya zauna. Ya riƙa yi masa magana ƙasa-ƙasa, har da harshen Sakkwatanci. Kafin hantsi yaron ya jingina kai a kafaɗarsa.

A Kafancan jirgi ya tsaya. Malam Tanimu ya saɓa buhunsa, ya ɗaukar wa yaron ƙunshinsa. Suka sauka tare. Yaron yana da 'yar hula shuɗiya.

Na faɗa kan taga. "Kai, yaro! Kada ka bi shi! Kada ka karɓi buta!"

Jirgi ya yi kuka, ya cinye muryata. Mata suka riƙe ni ta baya. Na ji ana cewa, "Wayyo, baiwar Allah ta zautu, mijinta aka kashe." Yaron bai waiwayo ba. Malam Tanimu ne ya waiwayo. Ya nemo fuskata a cikin tagogi har ya same ta. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya gyara zaman hular. Jirgi ya ja.

A Gusau aka lissafa maigidana cikin waɗanda rikici ya ci. Na faɗi gaskiya sau da yawa, ana ba ni rubutu in sha. Daga baya na daina. Na sha tambayar kaina me ya samu. Bai ɗauki shanun kowa ba. Ba wanda ya yi masa laifi, ba ƙabila ba ce, ba addini ba. Abin da na gani da idona shi ne, yana son ya ga mutum ya amince masa har ya sunkuya. Yana kuma son washegari a yi masa godiya.

Uwar maigidana ta tambaye ni ko na zo mata da wani abu nasa, ko da tsumma ne. Na nuna mata muciya. Ta daɗe tana kallonta.

Mu biyu muka sauka a Inugu, mu biyu muka baro ta. Ragowar koren zaren nan mai haske ta ƙone tare da ɗakin. Ban sake ɗinka hula ba. Ladi yanzu ta yi jikoki. Kwanan nan na gan ta za ta yi alwala, ta ɗauki buta ta zaga tsakar gida, sai da ta sami bango ta jingina bayanta sannan ta tsuguna. Ba ni na koya mata ba.